Malam Sannu-Sannu da Kashi Biyunsa

Duk wanda ya shiga ofishin mataimakin shugaba a ƙaramar sakandaren da ke bayan tashar mota, abin da zai fara gani shi ne takardun yabo guda takwas jere a bango, kowacce cikin gilashi, kowacce da tambarin ma'aikatar ilimi, kuma dukkansu magana ɗaya suke yi: makarantar nan ta fi bara. A ƙarƙashinsu mai ofishin yake zama, mutum siriri mai furfura a gefen kunne, wanda ba a taɓa ganin ya ɗaga ƙafa da sauri ba ko ana tsuga ruwan sama. Malamai suna kiransa Malam Sannu-Sannu, yana kuma amsawa, don shi a wurinsa kirari ne.

Ba haka aka haife shi ba. Lokacin da ya fara aiki, shekara ashirin da 'yan kai da suka wuce, yana cikin irin malaman nan da ke isowa kafin maigadi ya buɗe ƙofa. Aka ba shi 'yan aji uku, masu jarrabawar fita. Ya zage damtse ya koyar safe da yamma har muryarsa ta dishe, yara casa'in cikin ɗari suka ci. Aka yi masa tafi a taro. Shekara ta zagayo, ya sake shan irin wannan wahala, tamanin da huɗu suka ci. Wata makaranta da ta rarrafa daga talatin zuwa talatin da uku ta karɓi takardar yabo, shi kuwa takardar tuhuma aka aiko masa, wai ya bayyana cikin kwana uku dalilin da ya sa ya mayar da ilimi baya da kashi shida.

Ya amsa takardar, ya nemi afuwa, ya kuma ɗauki karatun da babu kwalejin da ta koya masa. Ma'aikata ba ta damu da inda kake tsaye ba. Tambayarta ɗaya ce, ka fi bara? Wanda yake can ƙasa yana da shekaru a gabansa na karɓar yabo, wanda ya yi tsalle ya kai sama kuwa ba shi da wurin zuwa sai gangara. Tun daga ranar Malam ya ajiye gaggawa, bai sake ɗaukarta ba.

Da aka turo shi wannan makarantar da muƙamin mataimaki, fom ɗin ƙarshen shekara ya dawo hannunsa. Fom ne mai gida biyu, na hagu Nasarorin Bana, na dama Burin Baɗi. Shugaban makarantar dattijo ne mai ciwon gwiwa, ba abin da yake nema a duniya sai a nuna masa inda zai sa hannu. Malam ya tarar yara arba'in da biyar cikin ɗari ne ke cin jarrabawa, ya kuwa yi hamdala, don ya ga fili. Ya yanka wa makarantar kashi biyu a shekara, ba ƙari ba ragi.

A nan ne za ka ga aiki. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta kawo benci ɗari da ashirin, Malam ya sa aka jibge su a sito ya rataya kwaɗo, duk shekara ya fito da guda biyar, ya rubuta a gidan hagu cewa an samar wa ɗalibai sababbin kujeru. 'Yan aji ɗaya suna zaune a ƙasa, bayansu jingine da bangon siton da bencinsu yake ciki. Tagogi kuwa aji ɗaya ake gyara wa a shekara. Ɗakin karatu ya fara buɗe shi ranar Talata kawai, da shekara ta zagayo ya ƙara Alhamis, ya rubuta cewa an ninka lokacin karatu. Ba ƙarya ya yi ba, ninkawar aka yi. Abin da yake ba shi alfahari ke nan: ko sau ɗaya bai taɓa rubuta abin da bai faru ba. Idan wani sabon malami ya ɗaga murya a taro ya ce me zai hana a fito da bencin gaba ɗaya, sai Malam ya dube shi da tausayi ya ce, "Ɗan'uwa, in muka cinye bana, baɗi me za mu rubuta?"

A haka makaranta ta tako daga arba'in da biyar zuwa sittin da ɗaya cikin shekara takwas. Ma'aikata kuma tana da doka cewa mataimakin da makarantarsa ta yi shekara goma a jere tana ci gaba, za a ba shi shugabanci. Malam yana son kujerar nan, so na gaske. Ya gaji da zama na biyu, ya gaji da rubuta takarda wani ya sa hannu, yana kuma jin zafin yadda abokan karatunsa suka riga shi. Shekara biyu suka rage masa: sittin da uku bana, sittin da biyar baɗi, shi ke nan.

Ana cikin haka aka turo sabuwar malamar lissafi.

Gajeriya ce mai 'ya'ya biyu, da ƙatuwar jaka cike da murfin kwalba da guntayen kwali, muryarta kuma tun daga bakin ƙofa ake jinta. Aka ba ta 'yan aji uku, don babu mai son su. Ba a yi wata ɗaya ba Malam ya lura da abin da bai taɓa gani ba a makarantar: an kaɗa ƙararrawar komawa aji, yara suna gudu zuwa ciki. Ya taka a hankali ya leƙa ta taga. Malama ta zube murfin kwalba a kan tebur tana raba su gida-gida, wata yarinya da duk makaranta ta san ba ta iya haɗa bakwai da takwas ba tana ɗaga hannu tana tsalle. Lissafi shi ne birkin makarantar nan, shi ne yake kayar da yara daidai gwargwadon da ake buƙata. Da aka yi jarrabawar gwaji a ƙarshen zangon farko, saba'in da tara cikin ɗari suka haye.

Ya sa aka kira ta ofis. Ya ba ta kujera, ya tambayi yara da maigida, sannan ya gyara zama.

"Malama, sannu da ƙoƙari. Amma ina za ki da wannan sauri haka?"

"Yallaɓai, ba sauri nake ba. Yaran ne suke ganewa."

"To ai shi ne abin da nake so mu duba. Kin ga takardun nan na bango? Kowacce kashi biyu ce. In kika kai mu tamanin bana, baɗi sai tamanin da biyu. Kina da su?"

Ta dube shi, ta dubi bangon, ta sake dubansa. "Yallaɓai, yaran da ke gabana bana za su rubuta jarrabawa. Ba su da baɗi."

"Makaranta tana da shi," in ji Malam. "Sannu ba ta hana zuwa."

"Sai dai a daɗe ba a je ba," ta ƙarasa masa, ta ɗauki jakarta.

Malam ba mutumin faɗa ba ne, mutumin jadawali ne. Da aka dawo hutu, sabon jadawali ya nuna an mayar da Malama aji ɗaya domin a gina tushe mai ƙarfi, 'yan aji uku kuma an miƙa su ga malamin motsa jiki, wanda aka ce ya taɓa cin lissafi a zamaninsa. Malam har ya samo abin rubutawa a gidan hagu: an ƙarfafa tushe. Shugaba ya sa hannu bai karanta ba. Malama ta kwashi murfin kwalbarta ta koma wurin masu zama a ƙasa.

Abin da Malam bai sa a jadawali ba shi ne gidansa. Autarsa tana aji uku, kuma ita ce 'yar lelensa, ita kaɗai ce take iya zare masa biro daga aljihu bai yi magana ba. Ranar da sabon jadawali ya fita ta dawo gida ta jefar da jaka, ta shige ɗaki ta ƙi cin abinci. Burinta ta shiga babbar sakandaren kimiyya, can kuwa ba a ɗaukar wanda lissafinsa ya yi rauni. Uwarta ta tare Malam tun bai cire takalmi ba.

"Malam, yau malamin lissafinsu tsallen kwaɗo ya sa su. Wai wanda bai kawo amsa ba ya zagaya fili."

"Tsari ne na makaranta, ba za ki gane ba."

"Na gane mana. Ita ma 'yar taka a sito za ka sa ta, ka fito da ita wata shekarar?"

Maganar ta soke shi. Ya zauna ya yi abin da ya iya, wato lissafi. 'Yan aji uku su ɗari da ashirin ne. Yarinya ɗaya a cikinsu ko kashi ɗaya ba ta kai ba. Idan Auta ta ci, makaranta ba za ta ji a jikinta ba. Washegari ya tsaya a bakin aji ɗaya yana ta gyaran murya har Malama ta fito, ya sassauta murya ya roƙe ta alfarma: ta riƙa zuwa gidansa sau uku a mako bayan an tashi, ta ɗan duba masa Auta, amma maganar ta tsaya tsakaninsu. Malama ta daɗe tana kallonsa. Da ya san mata irinta, da wannan kallon ya ishe shi gargaɗi.

"Ba komai, Yallaɓai," ta ce. "Ai Auta 'yata ce."

Malam al'adarsa ba ya barin ofis sai rana ta yi sanyi, yana can yana ja wa fom layi da rula. Saboda haka bai san cewa a rana ta biyu Auta ta zo da ƙawarta ba, wai tare suke karatu. Bai san ƙawar tana da 'yar'uwa ba, 'yar'uwar kuma tana da maƙwabta. Abin da kawai ya lura da shi shi ne randar gidansa tana saurin ƙarewa, kuma mutanen unguwa sun fara gaishe shi da wata irin fara'a da ba su saba ba. Mai kantin unguwa har ya fito ya riƙe masa babur. Malam ya ɗauka labarin takardun bango ne ya fara bazuwa.

Sai da aka yi mako biyar, ranar da ciwon kai ya koro shi gida da wuri, ya ga takalma. Tun daga ƙofar gida suke, jere biyu-biyu, silifas da sandal da kambas, sun cika soro sun malalo titi. Ya tsallaka su ya shiga. Tsakar gidansa ba masaka tsinke. Yara a kan tabarma, yara a kan buhu, yara a bakin rijiya, wasu uku a kan katanga ƙafafunsu na lilo. An ciro tsohon ƙyauren ɗakin girki an shafa masa baƙin fenti an jingina da bango, Malama tana gabansa da alli a hannu. Matarsa tana ratsawa tsakaninsu da kofi tana ba su ruwa. Da suka gan shi, gaba ɗaya suka miƙe suka gaishe shi da murya ɗaya kamar a filin taron safe.

Ya ja matarsa gefe.

"Mene ne wannan? Su nawa ne?"

"Jiya dai ɗari da goma sha ɗaya. Yau ban ƙirga ba."

"Auta kaɗai na ce!"

"Ita ka ce, ita ake koya wa. Sauran suna saurare ne. Ni kuwa ban iya korar 'ya'yan mutane daga ƙofata ba, in kai ka iya, ga su nan."

Ya juyo da niyyar ya iya. Amma kafin ya buɗe baki sai ga sallama daga soro. Shugaban ƙungiyar iyaye ne da wasu dattawa uku, sun ji ya dawo da wuri sun ce yau sai sun gan shi. Suka kama hannunsa da hannu bibbiyu. Suka ce sun ga malamai iri-iri, amma wanda zai buɗe gidansa ga 'ya'yan talakawa, ya kawo musu malama har tsakar gida, kuma ya ɓoye alherinsa ko a makaranta bai faɗa ba, wannan sai an tona. Ɗayansu har da share ido. Malam yana tsaye yana amsa amin, yana jin muryar Malama a bayansa tana tambaya, yara fiye da ɗari suna ba da amsa daidai. Kowace amsa kamar ana cire masa haƙori take.

Ya gwada abin da zai iya. Ya ce surutu yana tayar masa da ciwon kai, matarsa ta ce ofis yana nan. Ya ce rijiya za ta ƙafe, maƙwabta suka fara aiko da ruwa a jarka. Ya yi fatan ruwan sama ya kore su, mai kanti ya kawo tamfol. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, Malam kuwa da bakinsa ya je har ƙofar aji ya yi kiran. A makaranta in suka haɗu da Malama sai ta rusuna ta gaishe shi da ladabi, ta ce Auta tana ƙoƙari sosai.

Sakamako ya fito ranar wata Litinin. Tamanin da takwas cikin ɗari.

Malam ya karanta takardar sau uku, ya rufe ofis, ya zauna. A waje malamai suna ta murna, malamin motsa jiki ya fi kowa, don a takarda shi ne malamin lissafin aji uku. Labari ya kai ofishin shiyya, darakta ya aiko cewa da kansa zai zo taron ƙarshen shekara ranar Alhamis. Jin haka tsohon shugaba ya ba da umarni na farko da aka ji daga bakinsa cikin shekaru: a buɗe sito a fito da benci baƙi su zauna. Malam yana kallo aka kwashe ajiyarsa tas, har da waɗanda ya tanada wa shekarar da zai zama shugaba. Bayan taro kuwa ba wanda ya mayar da su, yara suka ja abinsu zuwa aji.

Darakta ya zo da motoci biyu da mai ɗaukar hoto. Ya yi jawabi mai tsawo, iyaye suka ba shi labarin tsakar gida, ya ce wannan shi ake kira sadaukarwa. Sannan ya ce yana da albishir. Tsohon shugaba zai huta, kuma mutum irin Malam ba a sa shi jiran shekara goma, daga yau shi ne shugaban makarantar nan. Aka yi tafi. Ita kuma Malama, basira irin tata ta fi ƙarfin makaranta ɗaya, an ɗauke ta zuwa ofishin shiyya ta riƙa horar da malamai. Aka sake tafi. Daga nan ya ce a kawo masa fom, ya zaro jan biro, ya cike gidan dama da hannunsa a gaban jama'a: burin baɗi, casa'in da biyar. Ya miƙa wa Malam ya ce sabon shugaba ya sa hannu.

Karo na farko ke nan da Malam ya sa hannu a matsayin shugaba. Kujerar da ya yi shekara tara yana lallaɓawa ta zo, babu Malama, babu benci a sito, ga casa'in da biyar an rataya masa a wuya. Ya san abin da ke jiransa baɗi, ya ma san kalmomin da za a rubuta a takardar. Mai hoto ya ce ya yi murmushi, ya yi.

Ya dawo gida bayan la'asar. Tsakar gidan fayau, an share, matarsa tana wanke-wanke a bakin rijiya. Ya zauna a kujerar roba bai cire hula ba, kansa cike da lambobi, yana haɗawa yana cirewa ba su fita. Sai ga Auta ta fito daga ɗaki da takarda a hannu. Tun ranar Litinin take riƙe da ita, tana jiran ya tambaya, bai tambaya ba. Ta durƙusa a gefensa ta miƙa masa.

"Baba, ba ka ga nawa ba."

Ya karɓa. Lissafi, casa'in da huɗu. A ƙasa an rubuta cewa ta samu gurbi a sakandaren kimiyya. Wani daɗi ya taso masa tun daga ciki, don yana son yarinyar nan fiye da kujera, fiye da takardun bango gaba ɗaya, kuma ya san haka. Ya buɗe baki zai sa mata albarka. Amma bakin da ya yi shekara ashirin yana faɗin abu ɗaya ya riga zuciyar.

"Casa'in da huɗu? Ke kuwa me ya kai ki? Baɗi me za ki kawo?"

Ƙarar kwanuka ta tsaya a bakin rijiya. Auta ta dube shi, ba ta yi kuka ba. Ta zare takardarta daga hannunsa a hankali, ta ninke ta gida huɗu, ta tashi ta shige ɗaki. Uwarta ta ɗauraye hannu ta bi ta.

Malam ya kira sunanta sau biyu. Ya sa albarkar daga baya, cikakkiya, har da addu'a, amma a lokacin babu kowa a tsakar gidan sai shi.